Wutar Sifirit da Tsakar Rana

Ranar Litinin ce, mako biyu bayan ƙaramar Salla, da ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na safe, a zauren gidana da ke unguwar Manawashi, a garin Gombe. Mu uku ne: ni, da Nafisa 'yar ƙanena, da wani matashi mai suna Auwal wanda wata ƙungiyar tallafa wa mata ta aiko. Ya zo da jaka a kafaɗa da takarda a hannu. Buƙatarsu ita ce in koya wa mata arba'in sabulun gilashi, wato sabulun nan da ake hango yatsa ta cikinsa, a kwana biyu, a wani ɗakin taro da ke Pantami. A rana ta uku a ba kowacce takardar shaida da ƙaramin murhun gas da gorar sifirit, ta koma gida ta fara.

Na tambaye shi ko ya san abin da sifirit yake yi idan ya ji wuta.

Ya yi dariya. "Haba Hajiya, ai ba wani abu ba ne. Na kalla a waya, duka-duka minti takwas. Haɗawa ne kawai a juya."

Nafisa tana zaune a kan tabarma, hannunta na dama a cikin hijabi.

Shekara ashirin da shida ke nan ina sabulu. Da shi na rufe gidan nan da kwano, da shi na yi wa 'ya'yana makaranta. Na zauna na rubuta wannan ne saboda ku masu cewa haɗawa ne kawai, ku da kuka ɗauka sana'a tana shiga kan mutum a minti takwas. Ba na neman ku yaba mini. Ina so ku karanta har ƙarshe kafin ku buɗe gora.

Sifirit shi ne ruwan nan da ake goge wa mutum fata da shi kafin a yi masa allura. A wurin mai sabulu aiki biyu yake yi. Na farko ƙarami ne. Idan ka zuba ɗanyen sabulu a akwati, kumfa kan taso a samansa, sai ka fesa sifirit da robar feshi, kumfar ta mutu nan take. Yana hana farin garin nan mai kama da toka fitowa a fuskar sabulu, kuma idan launi biyu za ka jera, shi ne yake sa na sama ya kama na ƙasa. Na biyu shi ne babba: sabulun gilashi ba ya yin garau sai an narkar da shi da zafi a cikin sifirit mai yawa, tare da ruwan sukari da wani ruwa mai kauri da ake kira gilisarin. Zafi da sifirit a tukunya ɗaya. A nan ne mai bidiyon minti takwas ba ya gaya muku komai, domin shi a kan na'urar lantarki yake dafawa, ku kuma a kan harshen wuta za ku ɗora.

Aikin farko da aka ba ni shi ne wanke akwatunan katako. Wadda ta koya mini sana'a, Mama Saratu, mutuniyar kudancin Gombe ce, Kirista, tana zaune a bayan kasuwa. Sati shida ban taɓa mai ko soda ba. Wanke akwati, shimfiɗa leda a ciki ba tare da ta tattare ba, goge muciya, ɗaure wayar yanka ta yi tsauri. Daga nan ta bar ni in riƙa awo. Ba ta da ma'aunin gilashin da muke tsomawa a ruwan soda yanzu. Ƙwai take sakawa, ta duba yadda ya taso. Ita ce ta nuna mini cewa soda ake zubawa a ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda, kuma tukunyar alminiyam ba ta shiga wurin aiki, domin soda cinye ta take yi. Na yi kuskure sau ɗaya na ɗauko irin wannan tukunyar. Ba ta yi faɗa ba. Ta sa na zauna na kalli yadda gindinta ya yi baƙi ya huje, sannan ta ce in tafi da ita gida in rataye inda zan riƙa ganinta.

A jikin katangarta, kusa da ƙofa, akwai ƙusoshi huɗu. Na mayafi ne. Duk wadda za ta shiga wurin aiki sai ta rataye mayafinta ko hijabinta a nan, ta ɗaure ɗankwali tamau, ta sa rigar auduga mai gajeren hannu. Ranar farko na yi turus. Ta dube ni ta ce, "Hauwa, na san abin da kike tunani. Baban yara ya fita, samarin gidan sun fita, na sa sakata. Ba namijin da zai shigo sai mun gama. Rataye." Haka ta yi shekara da shekaru: tana korar mijinta daga gidansa da hantsi saboda 'yan koyonta Musulmi su yi aiki ba tare da yadi yana reto a kan tukunya ba. Shi kuma ya ɗauki rediyonsa ya tafi gindin darbejiya, yana cewa a gidansa sabulu ne maigida.

Sai a wata na uku ta nuna mini abin da ya sa. Da tsakar rana ne. Ta ɗauko murfin kwano ta ajiye a tsakiyar gida inda rana ta fi ƙarfi, ta zuba sifirit cokali ɗaya, ta ƙyasta ashana ta jefa.

"Ta kama?"

Na duba da kyau. Na ce ba ta kama ba, ashanar ta mutu.

Ta zaro tsinke daga tsintsiya ta miƙo mini. "Riƙe shi a sama da murfin."

Tsinken ya lanƙwashe, ya yi baƙi, ya kama ci. Wuta tana nan tun ɗazu, tsayinta ya kai taƙi guda, idona bai gan ta ba. Wutar sifirit ba ta da hayaƙi, launinta shuɗi ne mai rauni, hasken rana yana shanye ta gaba ɗaya. Mama Saratu ta ce, "Wannan ba ta sallama. Sai ta ci rabin zanenki kafin ki san ta shigo."

Daga ranar na san dalilin kowace doka. Ana tafasa ruwa a babbar tukunya, a kashe gawayin da ruwa har ya daina huci, a ɗauke tukunyar a kai ta ɗaya ƙarshen gidan. A cikin ruwan zafin nan ake zaunar da tukunyar sabulu. Sai an yi haka ake buɗe gorar sifirit. A zuba, a rufe, a lulluɓe da buhu. Idan ya huce kafin ya narke, a rufe gora, a kai ta ɗaki, sannan a sake hura wuta. Ana iya yin wannan zirga-zirga sau huɗu a kan tukunya ɗaya. Kuma kullum akwai bargo a jiƙe cikin bokiti, a inda hannu zai kai. Yana ɗaukar yini guda. Ban san hanyar da ta fi wannan sauri ba wadda ba ta bi ta asibiti.

Masu sayen sabulu ba su san wannan ba, kuma ba aikinsu ba ne su sani. Masu wanki da guga suna son mai tauri wanda ba ya narkewa a hannu. 'Yan dako na Kasuwar Gombe suna sayen gutsattsarin da ya rage a bakin wayar yanka. Malaman makaranta da matan ma'aikata su ne masu sabulun gilashi, musamman idan biki ya taso ana neman abin rabo. Akwai wata da takan ɗaga kowane ɗaya ta kalli rana ta cikinsa, idan ta ga ɗigon kumfa ko da ɗaya ne ta ture shi gefe. Ban taɓa jin haushinta ba. Irinta ne suka sa hannuna ya gyaru.

Shekarar korona ce mummunar shekarata. Kowa ya koma haɗa ruwan goge hannu, sifirit ya ɓace daga kasuwa. Wanda ya rage a gorunan ruwan sha ake sayar da shi, ba suna, ba tambari. A lokacin Malama Rahila, wata malamar firamare da ta daɗe tana saye a wurina, ta ba ni aikin sabulu mai launi biyu na bikin 'yarta. Na karɓi gora a hannun mutumin da na shekara goma ina saye a wurinsa, ban gwada ba. Gwajin kuwa ba wuya: ka ɗiga a bayan faranti, mai kyau yana bushewa kafin ka gama salati, wanda aka yi wa haɗi yana barin jiƙa. Ban yi ba, saboda na yarda da shi. Rabinsa ruwa ne.

Kwana huɗu kafin biki Malama Rahila ta shigo da buhu ta zazzage a gabana. Kowane sabulu ya rabe biyu kamar an ɓare gyaɗa, fuskarsa fari fat.

"Adda Hauwa, wannan zan raba wa dangin miji?"

Ban ba ta wani uzuri ba. Na goge su duka a magogi na mayar da su sabulun wanki. Da na koma wurin mai kemikal, ko kunya bai ji ba. Ya ce, "Hajiya, kowa ma haka yake sayarwa yanzu." Wata biyar ban yi sabulun gilashi ba. Malama Rahila ba ta sake dawowa ba, kuma da ni ce ita, ni ma ba zan dawo ba.

Shekarar ta wuce, amma ta bar mana abu biyu: sifirit a gorar ruwan sha, da gwanayen kwana biyu. Ko'ina horo, ko'ina takardar shaida. A tara mata a ɗaki, a haɗa bokiti ɗaya a gabansu, a tafa, a ɗauki hoto. Wanda ya shirya ya tafi da hotonsa. Wadda aka koya wa ta tafi da soda da sifirit gidan da yara suke rarrafe.

Nafisa ta irin wannan horon ta biyo. Ta gama karatu ba ta samu aiki ba, tana zanen lalle, kuma duk Manawashi ba wadda ta kai ta. Amare sukan jira ta sati biyu. Hannu ne mai sauri da tsabta, shi ya sa da ta zo da takardarta ta kwana biyu ta ce tana so ta ƙara a wurina, na karɓe ta. Na nuna mata ƙusa. Gidana ma akwai su, guda shida. Ta rataye hijabinta tana dariya, ta wanke akwatuna sati biyar tana ƙorafi.

"Goggo, kayanki sun fi na kanti, amma wa ya san ki? Bidiyo ɗaya zan yi miki, wallahi sai kin rasa inda za ki sa kwastoma."

Na ce ba a ɗaukar hoto a wurin aikina, domin ba hijabi muke aiki ba.

"To ai sai in sa hijabina. Maza za su kalla, ba zan fito haka ba."

Na ce idan da hijabi, to ba sifirit.

"Kai, Goggo! Ke komai sai kin mayar da shi aikin soja."

Na ɗauka magana ta ƙare. Ga nawa laifin, kuma zan faɗe shi yadda yake: na gaya mata doka, ban nuna mata murfin kwano da tsinke ba. Na ajiye shi sai wata na uku, saboda haka aka yi mini. Ba wani dalili ban da wannan.

Ranar Alhamis ce, cikin tsananin zafin bazara. Na tafi kasuwa sayen man alayyadi, na dawo sha biyu da kwata. Tun daga zaure na ji muryarta, irin muryar da suke yi idan suna magana da waya. Ta jingine wayar a jikin turmi. Ta ɗauko murhun gas daga ɗakin girkin mahaifiyarta, domin a cewarta gawayi ba ya kyau a hoto. Tana sanye da sabon hijabi har ƙasa, ruwan sararin sama, irin yadin nan mai santsi. Tukunya tana kan wuta. Gora tana hannunta na dama, a buɗe.

"To 'yan uwa, yanzu sai mu ƙara kaɗan..."

Abin da na gani shi ne katangar da ke bayan tukunyar tana rawa, kamar yadda iska take yi a kan kwalta da rana. Shi ke nan abin da ake gani. Na yi ihu na kira sunanta. Ta juyo tana murmushi, domin har lokacin ba ta ji komai ba. Sai bakin hijabin ya fara naɗewa yana baƙi. Sai gorar ta yi tari a hannunta, wutar ta shige ta.

Na fizgo bargon daga bokiti, na kayar da ita ƙasa, na danne ta da shi. Na rufe gas, na kifa murfi a kan tukunya. Kafin in ɗago, maƙwabta sun cika gidan. Wata da ɗanyen ƙwai, wata da man goge baki, wata tana cewa a barbaɗa gishiri. Na ce duk wadda ta taɓa ta da wani abu ban da ruwa, ni da ita ne. Jarka shida na saya a wurin mai kurar ruwa da safen nan don aikin sati. Na zaunar da ita, na riƙa kwarara mata a hankali, jarka bayan jarka, har suka ƙare. Yadin ya narke ya manne da fatar hannunta kamar leda. Ban ja ba, ban bari kowa ya ja ba. Muka sa ta a keke napep zuwa asibiti.

Allah ya tsare fuskarta. Sati uku ta yi a kwance. Manuniya da ɗan yatsan tsakiya na hannun dama ba sa lanƙwasuwa har yau. Ba ta iya riƙe ledar lalle. Amaren da suke jiranta sun koma wurin wasu.

Wayar kuwa ba ta daina ɗauka ba. Na kalli bidiyon sau ɗaya. Daga farko har lokacin da yadin ya fara baƙi, ba wuta a cikinsa ko kaɗan. Yarinya ce kyakkyawa tana juya tukunya.

Wannan ce Nafisar da take zaune a zaure ranar da Auwal ya ce haɗawa ne kawai.

Na gaya masa sharaɗina. Mata shida, wata uku, a gidana, ba namiji, ba hoto.

"Hajiya, arba'in aka rubuta. Kuma masu ba da tallafin hoto suke so su gani. Sannan matan aure ne fa, ya za a ce su cire hijabi a ɗakin taro, ga manyan baƙi?"

"Shi ya sa ba a yin sa a ɗakin taro."

"Ki taimaka mana mana. Sunanki aka ba mu. Ko sama-sama ne."

Na ce ya biyo ni waje. A ƙofar gida, inda rana take dukan siminti, na ajiye murfin kwano, na zuba cokali ɗaya, na jefa ashana.

"Ta kama?"

Ya sunkuya ya duba. "A'a, ta mutu. Kawo in gwada miki." Ya miƙa hannu zai ɗauki murfin.

Nafisa ce ta buge hannun da hagunta, da ƙarfin da ya sa takardarsa ta faɗi. "Malam, kana da hankali kuwa?"

Na miƙa masa tsinke. Ya riƙe a sama da murfin, ya ga ya lanƙwashe ya kama. Na yi zaton ya gane. Sai ya tsuguna ya ɗauki takardarsa, ya kakkaɓe ta, ya ce, "Ikon Allah. To, sai mu ƙara layi ɗaya a ƙasa cewa su yi hankali."

Layi ɗaya. Mata arba'in, murhu arba'in, gora arba'in, kowacce da hijabi har ƙasa da yaro a gindinta, a tsakar gida da rana tsaka, shi kuma layi ɗaya zai ƙara. Na ce masa ya gaya wa waɗanda suka aiko shi cewa Hauwa mai sabulu ta ce a'a, kuma idan suna son hoto, akwai wani a wayar yarinyar nan, su zo su kalla. Ya ce za su tuntuɓe ni. Ya hau babur ɗinsa.

Ba su tuntuɓe ni ba. Sun samu wata, aka yi horon a makon da ya biyo baya.

Ranar rabon takarda, Nafisa ta fita da hantsi ba ta gaya mini inda za ta ba. Da na shiga wurin aiki na tarar ba murfin kwano, ba ashana, an zare tsinke daga tsintsiya. A bakin ƙofar ɗakin taron ta tsaya har matan suka fito da azahar, kowacce da murhu a ka da gora a leda. Ta kunna murfin a gabansu, ta ba su tsinke, sannan ta fitar da hannunta na dama daga hijabi ta ɗaga. Ta samu yin haka sau uku kafin mai gadi ya kore ta.

Ranar Asabar mata bakwai suka yi sallama a gidana. Ɗaya ta tambaya ko ina ba da takardar shaida, na ce a'a, ta juya. Shida suka rataye hijabansu a ƙusa. Tun kafin su taɓa akwati na fitar da su tsakar gida na nuna musu murfin, kuma haka nake yi wa kowa yanzu a ranar farko. Nafisa ce take koya musu awo, da hannun hagu.

Sauran talatin da huɗu suna gidajensu da murhu da gora. Ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.